Ɗakin da Ya Hana Rahila Kwana a Gida

Zuwa ga Alhaji,
Shugaban kamfanin da ya gina sababbin gidajen ƙarshen kwalta a Romi,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Ba ka san ni ba. Ni ma a jikin allon talla kawai na san fuskarka. Sunana Rifkatu Istifanus, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan kudancin Kaduna. Maigidana yana sayar da taya da batir a bakin titi a Gonin Gora. Muna cikin mutanen farko da suka karɓi mukulli a rukunin gidajenka na Romi, kuma gidanmu shi ne na ƙarshe a layin da ke kallon mafaɗar rana.

Da so samu ne, a ofishinka za mu yi wannan magana, ƙofa a rufe. Na je, na koma, na sake komawa. Kowane zuwa a ba ni kujera, a ba ni ruwa mai sanyi, a ce Alhaji ya yi tafiya. Na gaji da shan ruwanku. Shi ya sa na fito fili, don ko kai ba ka ji ba, masu shirin shiga gidajenka na gaba su ji.

Bari in fara da abin da ya kai mu wurinka. 'Ya'ya biyu Allah ya ba mu, dukansu da ciwon sikila. Ya karɓi namijin tun yana ƙarami, ya bar mana Rahila. Duk uwar da ta reni mai sikila ta san abin da zan faɗa. Zafi yana ƙafar musu da ruwan jiki, sanyi yana tsuke musu hanyoyin jini, kowanne a cikin biyun yana iya tayar da ciwon. Abin da ya fi muni shi ne a fizge su daga wannan a jefa cikin wancan. Tun Rahila tana goye nake auna iska da bayan hannuna. Ruwan wankanta sai na taɓa da gwiwar hannu. Ko coci za mu, akwai rigar sanyi a jakata, akwai gorar ruwa. Haka muka lallaɓa har ta kai ajin ƙarshe na sakandare, yarinya mai kai, wadda ta ƙudura a ranta sai ta karanci haɗa magunguna.

A Makera muke zaune a da, a gidan surukata. Tsohon gida ne mai kaurin bango da dogon rufi, ga mangwaro a tsakar gida. Bai taɓa ƙona mu ba, bai taɓa daskarar da mu ba. Matsalarsa kwata ce da ke bayansa, wadda sauronta ke kwantar da Rahila da zazzaɓi kowace damina. Da muka ji ana ba ma'aikata gidajenka a biya sannu a hankali, muka ce Allah ya kawo mafita.

Manajanka mai kula da rukunin, Malam Sabo, shi ya zagaya da mu. Ban ɓoye masa komai ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da za a ba Rahila na gaya masa irin lalurarta, na ce ni ba fenti ko tayil na zo kallo ba, ɗakin da zai riƙe yanayi ɗaya nake nema. Ya yi dariya, ya ɗaga rimot ɗin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ce, "Madam, ki kwantar da hankalinki. Kowane ɗaki da esinsa sabo fil. Lamba ɗaya za ki danna, ɗakin ya tsaya nan kamar an ɗaure shi." Maigidana yana tsaye ya ji. A kan wannan magana muka sa hannu.

Alhaji, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun makon farko na gane ɗakin ba ya tsayawa ko'ina. Zan sa lambar da ta dace da Rahila, ba zafi ba sanyi. In fita in dawo, in tarar tana rawar ɗari a cikin bargo. In sake fita in dawo, in tarar ta yaye bargon, wuyanta sharkaf da gumi. Lambar da ke jikin rimot kuwa tana nan yadda na bar ta. Na kai ƙara. Aka turo mai gyara, ya wanke raga, ya ce an gama. Na sake kai ƙara. Aka turo wani, ya ƙara gas, ya ce an gama. A karo na gaba Malam Sabo da kansa ya ce mini, "Madam, ku ne ba ku iya amfani da rimot ba." Na haɗiye. Na mayar da kaina esin ɗakin, ina kunnawa, ina kashewa, ina rufa mata, ina yaye mata. Amma ni ma'aikaciya ce, ba kullum nake gida ba.

A bazarar bana, Rahila ta fara jarrabawar kammala sakandare. Ta rubuta takardun farko lafiya, tana dawowa da fara'a. Ranar da abin ya faru ta dawo da tsakar rana, rana tana dukan ƙasa, ni ina makaranta, babanta yana shago. Ta sha ruwa, ta kunna esi a lambar da na koya mata, ta kwanta don ta ɗan huta kafin ta ɗauki littafin lissafi. Fankar cikin na'urar tana juyawa, fitilarta tana ci, amma iskar da ke fita ba ta da sanyi. Ɗakin ya ɗauki zafi. Ta jiƙe da gumi, ta ture zanen rufa, barci ya sace ta a haka. Tana cikin barcin na'urar ta farfaɗo da dukan ƙarfinta, ta dinga feso sanyi a kan jiƙaƙƙen jikinta.

Ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara. Ba na ɗaga waya a aji, amma na ga sunanta. Abin da na ji kawai shi ne, "Mama, bayana. Mama, ki zo." Na bar alli a ƙasa, na tari ɗan acaɓa. Da na buɗe ƙofar ɗakin, sanyin da ya buge ni irin na ɗakin ajiye kifi ne. Na same ta a ƙasa, ta dunƙule kusa da ƙofa, leɓɓanta sun yi fari, rigarta a jiƙe kuma da sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Ta yi ƙoƙarin kaiwa ga rimot ɗin da ke kan tebur, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta.

A asibiti, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce, "Ta shiga sanyi bayan ta yi gumi?" Ciwon ya tashi daga baya ya sauka ƙugu, daga nan ya hau ƙirji. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata ƙarin jini, aka ɗaura mata abin shaƙar iska. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan gado, kuma wancan karon ni kaɗai na dawo gida da zanen goyo. Ba sai na gaya maka abin da ke raina ba. Duk safiyar da ta buɗe ido, sai ta janye abin da ke hancinta ta ce, "Mama, yau wace takarda suke yi?" In ce mata ta yi shiru ta huta. Ta juya fuska bango. Kafin a sallame mu, an gama jarrabawa.

Zan yi maka adalci, ko da ma'aikatanka ba su yi mini ba. Ba kai ka sa mata sikila ba. Ba zan rantse cewa da a wani ɗaki take ciwon ba zai taɓa tashi ba, don akwai gajiyar karatu, akwai zafin gari. Amma na san abin da na gani da idona, na san abin da fatata ta ji a bakin ƙofar nan, na kuma san alkawarin da aka yi mini a tsakiyar ɗakin.

Bayan mun dawo, wani dattijo a cocinmu, Baba Dauda, ya zo duba ta. Injiniya ne mutumin Filato, ya yi shekaru yana kula da injinan sanyaya iska a wata masaƙa ta Kakuri kafin a rufe ta. Ya ji labari, ya ce a kawo masa tsani. Shi da maigidana suka wuni suna zagaya gidan, ciki da waje. Da ya sauko ya zauna ya share fuska, ya ce, "Rifkatu 'yata, ki daina zargin hannunki. Ɗakin nan kwando ne, an sa na'ura ta cika shi da ruwa." Abin da ya nuna mana shi zan jera maka. Ba sai ka yarda da ni ba, gidajen suna nan, ka aiko a duba.

Na ɗaya, rufi. Kwanon da kuka sa siriri ne, kuma mai duhun launi, don ya yi kyau a hoto. A ƙarƙashinsa ba ku shimfiɗa komai da zai tare zafi ba. Silin ɗin roba ce marar kauri, kuma tsakaninta da kwanon babu ko kafa ɗaya da iska mai zafi za ta fita. Maigidana ya zura kansa ciki na ɗan lokaci, ya sauko kamar wanda aka watsa wa ruwa. Wannan zafin yana taruwa tun hantsi, ya yi ta kwararowa cikin ɗaki har bayan faɗuwar rana. Idan kuwa hadari ya taso ruwa ya sauka, kwanon ya huce nan take, ɗakin ya juye. To wace na'ura ce za ta riƙe yanayi ɗaya a ƙarƙashin rufin da ke sauya hali kamar haka?

Na biyu, bango da taga. Kafin ku zo, filin nan akwai ɗorawa, akwai kaɗanya, akwai mangwaro. Tsofaffin unguwar sun shaida. Kun sare su kakaf, kun malale ko'ina da siminti, ba ku bar inuwar da akuya za ta fake ba. Sannan kuka buɗe wa ɗakin yara ƙatuwar tagar gilashi tana kallon yamma, babu baranda, babu wata rumfa a samanta. Daga azahar rana tana shigowa har kan katifa. Tsakanin ƙarfen tagar da bango akwai tsagar da na zura rular ɗalibai ta wuce. Ƙarƙashin ƙofa kuwa ɓera ba ya neman izini. Bulon bangon siriri ne, yashinsa ya fi simintinsa, yana shan rana ya yi ta dafa mu. Sanyin da na'ura ta haɗa yana zurarewa, zafin waje yana shigowa.

Na uku, na'urar ta fi ƙarfin ɗakin. Baba Dauda ya duba esin falo, ya duba na ɗakuna, ya ga duk girmansu ɗaya. Kun sayo su a dunƙule, kun rarraba, babu wanda ya auna ɗaki. Mutane suna ɗauka babban esi alheri ne. A ƙaramin ɗaki azaba ce. Yana tashi ya feso sanyi mai yawa a ɗan lokaci, sanyin ya bugi bangon da ke gabansa ya dawo masa, ya ɗauka aiki ya ƙare, ya mutu. Alhali bango bai huce ba, laimar da ke cikin iska ma bai tsotse ba. Kafin ka gyara kwanciya zafi ya dawo, ya sake tashi da ƙarfi. Kamar direban da bai san komai ba sai taka mota har ƙasa da taka birki har ƙasa. Fasinjansa ba ya isa gida da lafiyar wuya.

Na huɗu, inda kuka rataye ta. Ɗan abin da ke auna zafin ɗaki a cikin na'urar yake, ba a wurin da mutum ke kwance ba. Kun manna ta dab da silin, a jikin bangon da rana ke duka. Ko ɗalibaina na aji ɗaya sun san iska mai zafi sama take hawa, mai sanyi ta kwanta ƙasa. Saboda haka idan rana ta take, na'urar zafin silin take ji, ta yi ta aiki ba tsayawa, tana ganin ɗakin bai yi sanyi ba, alhali wanda ke kan gado ya daskare. Da safe ta yi saurin mutuwa, da rana ta ƙi mutuwa. Bakinta kuma yana kallon wuri ɗaya tilo da gado zai iya shiga a ɗakin. Mun gwada juya gadon, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Na biyar, injin da ke waje. Kun cusa shi a lungun da ke tsakanin bango da katanga, inda mutum sai ya karkace yake wucewa. Zafin da ya fitar shi yake sake shaƙa. Idan ya gaji ya tsaya da kansa, sai ya huce ya tashi. Mahaɗar bututunsa tana tsiyayar da gas tun ranar da aka ɗaura, shi ya sa ƙanƙara ke kama shi, ta narke ta bi bango. Masu gyaranku sun fi son su zo su ƙara gas su tafi, maimakon su toshe inda yake fita.

Na shida, wuta, kuma wannan ne ya kayar da 'yata. Ba maganar ɗaukewar wutar gari nake yi ba, wannan kukan kowa ne, kuma ba a ƙofarka zan yi shi ba. Maganar taransifomar da kamfaninka ya kafa wa rukunin nake yi, da siraran wayoyin da kuka ja zuwa gidaje. Kun sa esi a kowane ɗaki na kowane gida, sannan kuka kawo abin da ba zai ɗauki rabinsu ba. Da rana ta yi zafi kowa ya kunna, sai wuta ta yi ƙasa, ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashi. Mu da ke ƙarshen layi mu ne ƙarshen samu. Injin waje ya yi gurnani ya tsaya, amma fankar ciki ta ci gaba da juyawa, fitilarta tana ci, mai ɗaki ya ɗauka komai lafiya. Can idan na wasu gidajen suka mutu, wuta ta dawo da ƙarfi, injin ya zabura. Babu ƙararrawa, babu gargaɗi. Abin da ya sami Rahila tana barci ke nan.

Kada ka ɗauka da zafi kaɗai gidan ke cutarwa. Bangon da bai iya tare zafi ba, ba zai iya riƙe ɗumi ba. A watannin sanyi, da asuba, ɗakunan nan kamar cikin firji suke. Mun sayi hita, muna kunnawa wutar gidan gaba ɗaya ta yanke. Maƙwabciyata mai jego, da ta rasa yadda za ta yi da jaririnta, kaskon gawayi ta shigar ɗaki ta rufe ƙofa. Allah ne ya sa mijinta ya shigo da wuri ya same su jiri ya fara ɗibarta. Ita ba ta iya rubuta wasiƙa ba, ta ce in sa da ita.

Na ɗauki duk wannan bayani na kai wa Malam Sabo, da takardar sallamar asibiti a hannuna. Bai ko karɓa ya duba ba. Ya jingina da kujera ya ce, "Madam, ai ciwon 'yarki gado ne, ba kamfani ya ba ta ba. In ba ta son sanyi, ku kashe esin mana."

Alhaji, ka sake karanta wannan magana. Ga uwar da ta fito daga jinya, ga abin da wakilinka ya ga ya dace ya faɗa mata. Na san gado ne. Ni na haife ta, ni na binne ɗan'uwanta, ba na bukatar manajan gidaje ya koya mini sunan ciwon da ke gidana. Saboda na san gado ne na tsaya a gabansa tun ranar farko na tambaye shi, shi kuma ya ɗaga rimot ya yi mini alkawari. A ranar sayarwa lalurar 'yata ba ta hana shi cewa in kwantar da hankalina ba. Sai a ranar ƙorafi ta zama laifin jininmu.

Kuma da ya ce mu kashe, yana tsammanin ba mu gwada ba? Mun kashe. Ɗakin ya zama tanda. Taga ɗaya ce a kowane ɗaki, rabinta kawai ke zugewa, babu wata a ɗaya bangon da iska za ta ratsa ta fita. Kakanninmu da ba su je makarantar zane ba sun san a bar wa iska hanyar shiga da ta fita. Ku kun gina gidan da ba ya zaunuwa sai da na'ura, sannan kuka sa na'urar da ba ta iya riƙe shi. A kunna a cutu, a kashe a cutu. Ina kuke so mu sa kanmu?

Ga inda muke yanzu. Rahila ta warware, mun gode wa Allah, ko da yake har yau tana ɗingisa ƙafar hagu idan ta yi 'yar tafiya. Jarrabawa sai baɗi. Ƙawayenta suna zancen makarantun da za su nema, ita tana sake buɗe littattafan da ta riga ta gama. Likita ya ce kada ta sake kwana inda yanayi ke hawa da sauka haka. Saboda haka mun mayar da ita Makera wurin kakarta, mun koma yaƙi da sauro da gidan sauro da magani, don mun ga sauro ya fi ɗakinka sauƙi. Ina tashi daga makaranta in bi ta can in kai mata abinci, in duba idonta, in taɓa goshinta, sannan in hau mota in dawo Romi in kwana a gidan da muka shiga dominta, ita ba ta ciki. Babanta mutum ne marar yawan magana. Tun da aka sallame ta bai sake shiga ɗakin ba, ya ja ƙofar ya rufe.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri shi ne abin da maigidana yake gani daga bakin shagonsa. Kun fara sabon rukuni a bayan Gonin Gora. Motocinku suna wucewa ta gabansa ɗauke da irin wannan kwano, irin wannan bulo. An riga an kwantar da itatuwan filin. A cikin masu zuwa kallon gidajen akwai mai tsohuwa mai hawan jini, akwai mai jariri, akwai mai ɗa irin tawa. Za a tsayar da su a tsakiyar ɗaki a ɗaga musu rimot. Idan na yi shiru, da ni aka haɗa baki.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo, kuma ba sadaka nake nema ba.

Ka zo da ƙafarka. Kada ka aiko Malam Sabo, kada ka zo da safe. Ka zo bayan azahar, ka zauna a ɗakin Rahila, mu rufe ƙofa, mu sa lambar da ka ga dama, ka yi sallar la'asar a ciki. In ka fito ka ce lafiya lau ne, zan janye maganata a fili kamar yadda na yi ta a fili.

Ka kawo injiniyan da ba ya cin albashinka ya duba gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban masu gidajen, a karanta mana abin da ya gani.

A shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, a huda wa rufin mafitar iska, a toshe tsagogin taga da ƙofa, a yi wa tagogin yamma rumfa. A cire manyan na'urorin daga ƙananan ɗakuna a sa daidai da su, a inda ya kamata, a fito da injinan waje daga lungu. A sauya taransifoma da wayoyin da suka yi wa rukunin kaɗan. A fasa simintin gefen layi a dasa itatuwa, mu za mu ba su ruwa.

Ka dakatar da rufin gidajen Gonin Gora har sai an gyara zanen. Gyara a takarda ya fi gyara a kan mutane sauƙi.

Ka hana ma'aikatanka yin alkawarin da ginin ba zai iya cikawa ba. Wanda ya zo da lalura a gaya masa gaskiya, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Na ƙarshe, Malam Sabo ya je Makera ya ba Rahila haƙuri. Ba ni ba, ita. Ta ji abin da ya faɗa, don a gabanta na maimaita wa babanta cikin ɓacin rai, kuma tun ranar take tambayata ko ita ce ta jawo mana asarar gida. Yarinyar da ta sha wannan wuya bai kamata ta ɗauki laifin kwano da waya a kanta ba.

An ce kai mutum ne mai taimako, kana gina rijiyoyi, kana ciyar da marayu. Ban musa ba, Allah ya karɓa. Amma mu da muka ba ka amanar inda za mu kwantar da 'ya'yanmu, mu ne hakkinmu ya fara hawa kanka. Addininka da nawa duk sun yi magana a kan mai tauye mudu.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci dukiyarka, ya tsare ta daga hakkin mutane. Ya raya maka zuriyarka, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin gadon ɗanka kana ƙirga numfashinsa. Ya ba ka mashawarta masu gaya maka gaskiya ko da ba ta da daɗi, ya kuma ba ka zuciyar karɓarta.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci na bi ta Makera, da zan tafi Rahila ta rako ni bakin titi a hankali, tana dafe da kafaɗata. Da mota ta tsaya ta riƙe mini gefen zane ta ce, "Mama, yaushe zan dawo gida?" Na ce mata zan tambayo. To, Alhaji, ga shi na tambaya. Ranar Lahadi mai zuwa zan koma, kuma za ta sake rako ni bakin titi.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Rifkatu Istifanus,
gidan ƙarshe a layin yamma, Romi, Kaduna.